Ka shiga kwamfuta babu Start, babu komai a allo: yadda ake gyarawa ba tare da fomatin ba

Wata Lahadi bayan la'asar ƙanwata ta shigo gidanmu a Tudun Wada rungume da laftop, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya, komai nawa ya tafi." Tana shekarar ƙarshe a Kaduna Polytechnic, babi huɗu na furojet ɗinta suna cikin wannan na'ura, kuma washegari za ta kai wa malamin da ke duba aikin. Da daddare aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, batirin kuwa ya daɗe da mutuwa, sai kwamfutar ta ɗauke ɗif. Da safe ta kunna, ta sa kalmar sirri, ta shiga lafiya lau, amma babu abin da ya fito sai hoton bango da kibiyar mawus tana yawo. Babu Start, babu agogo, babu fayil ko ɗaya. Ta biya wajen wani mai gyara a hanya, bai yi minti ɗaya yana dubawa ba ya ce sai an yi fomatin, wato a goge komai a sake sa Windows.

Wannan kalma ta fomatin ta cinye wa mutane da yawa aikin shekaru a garin nan, kuma a irin wannan matsala ba kasafai ake bukatarta ba. Ga dalili. Maɓallin Start, da dogon layin nan na ƙasan allo mai ɗauke da agogo, da ƙananan alamomin fayil da manhajoji da ke baje a kan allo, duk manhaja ɗaya ce take zana su, sunanta explorer.exe. Da zarar ka sa kalmar sirri, Windows yana kiranta ta fito. In ba ta amsa ba, ko ta fito ta faɗi, sai ka ga fili fayau. Fayilolinka suna nan cikin had dis ba abin da ya taɓa su. Kamar shago ne da kaya ke ciki maƙil amma yaron shago bai zo ya buɗe ƙofa ba.

Za mu fara daga abu mai sauƙi mu gangara zuwa mai nauyi. Duk inda allonka ya dawo daidai kuma ya zauna, ka tsaya nan.

Fara da danna maɓallin Windows

Maɓallin nan mai hoton taga da ke kusa da Alt a kibod, danna shi sau ɗaya. Amsar da zai ba ka ita za ta raba maka hanya biyu.

In jerin Start ya fito, to explorer tana raye, ɓuya kawai abubuwa suka yi. Kai kibiyar mawus can ƙarshen ƙasan allo. In layin ya leƙo, an kunna masa ɓoye kai ne, sai ka danna shi da maɓallin dama na mawus, ka shiga Taskbar settings, ka kashe Automatically hide the taskbar. A Windows 11 yana ƙarƙashin Taskbar behaviors. In burauza ce ta cika allon gaba ɗaya, F11 ne ya jawo, shi ne kuma zai mayar. In layin yana nan amma alamomin kan allo ne suka ɓace, danna maɓallin dama a fili, zaɓi View, ka sa alama a Show desktop icons. Yara masu taɓe-taɓe sun sha kashe wannan. A Windows 10 akwai kuma Tablet mode, wanda yake ɓoye allon da ka saba da shi. Danna maɓallin Windows da A a tare zai buɗe maka inda za ka kashe shi.

Akwai wanda ya fi rikita mutane: ka jona kwamfuta da talabijin ko furojakta, a aji ko wajen taro ko don kallon ƙwallo, aka bar wayar a jone alhali talabijin ɗin a kashe yake. Windows yana iya ɗaukar wancan a matsayin babban allo ya tura Start da komai can, ya bar maka hoton bango kaɗai. Zare wayar HDMI ko VGA. In bai dawo ba, danna Windows da P ka zaɓi PC screen only. In allon baƙi ne ƙirin sai kibiya, gwada Windows da Ctrl da Shift da B a tare. Za ka ji ɗan ƙara, allon ya ƙifta, direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa nuna hoto a allo, ya sake tashi.

In kuwa ka danna maɓallin Windows shiru, to explorer ce ba ta tashi ba. Ci gaba.

Kira ta da hannunka

Danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Task Manager, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, zai buɗe, domin shi ba ya jiran explorer. In bai buɗe ba, danna Ctrl da Alt da Del, ka zaɓe shi daga jerin da zai fito. A Windows 10, in ya fito ɗan ƙarami, danna More details a ƙasa.

Duba cikin Processes ko akwai Windows Explorer. In akwai, danna shi da maɓallin dama ka zaɓi Restart. In babu, a Windows 10 ka shiga File sannan Run new task. A Windows 11 na yanzu Run new task ɗin yana sama a fili. A Windows 7, File sannan New Task. Cikin akwatin da ya fito ka rubuta:

explorer.exe

Danna OK. Abin da na yi wa ƙanwata ke nan, kuma kafin ta gama share hawaye allonta ya cika da fayilolinta.

Wani lokaci layin ƙasa yana nan, agogo yana tafiya, amma Start ɗin ne kawai ba ya buɗewa. Tun daga sabuntawar Mayun 2019 ta Windows 10, Start yana da tasa manhajar daban mai suna StartMenuExperienceHost.exe. Nemo ta a shafin Details na Task Manager, ka danna End task. Da kanta za ta sake tashi.

Kwashe kayanka yanzu, kafin ka sake kashewa

Nan ne mutane ke yin sakaci. Allo ya dawo, murna ta hana tunani, gobe a kunna a tarar da matsalar ta dawo ta ƙaru. Ba ka san abin da ya kayar da explorer ba tukuna, kuma yana iya zama had dis ne ya fara gajiya. Sa filashi ka kwafe Desktop da Documents da Pictures da Downloads. Duk suna cikin C:\Users ƙarƙashin sunan da kake shiga da shi.

To in explorer ta ƙi tashi sam fa? Akwai ƙofar baya da na daɗe ina amfani da ita. A Run new task rubuta notepad. In ya buɗe, shiga File sannan Open. Tagar da za ta fito tana nuna maka duk foldojin kwamfutar. Canza nau'in fayil a ƙasa daga Text Documents zuwa All Files, ka je foldar da kake so, ka danna ta da maɓallin dama ka zaɓi Copy, ka koma kan filashi ka yi Paste. Kada ka danna Open a kan fayil, kwafa kaɗai kake yi. In kayan da yawa ne tagar za ta yi kamar ta daskare, ka ba ta lokaci.

Restart, ba Shut down ba

Tun daga Windows 8 akwai abin da ake kira Fast Startup. In ka danna Shut down, Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya, yana adana wani sashe na halin da yake ciki don ya tashi da sauri. In wancan halin gurɓatacce ne, da shi zai sake tashi, ko sau goma ka kashe ka kunna. Restart ne yake wanke shi. Danna Ctrl da Alt da Del, alamar wuta tana kusurwar dama ta ƙasa, ka zaɓi Restart. Ko kuma a Run new task ka rubuta:

shutdown /r /t 0

In bayan wannan komai ya tashi daidai sau biyu sau uku, tuntuɓe ne kawai aka yi. In kuwa kullum sai ka kira explorer da hannu, akwai dalili, domin ruwa ba ya tsami banza.

Dalilai huɗu da na fi cin karo da su

Duk umarnin da ke tafe a baƙar tagar nan ta cmd ake rubuta su, kuma da ikon mai gida. A Run new task rubuta cmd, ka sa alama a Create this task with administrative privileges, sannan OK.

Na farko, cikar had dis. Ƙananan laftop masu ma'ajiyar 32GB ko 64GB da ake saya wa ɗalibai suna cika da wuri, kuma in C ya cika taf, Windows ba ya samun inda zai rubuta abin da yake bukata lokacin shiga. A tagar Open ta notepad ka danna This PC za ka ga sauran wurin da ya rage. In ja ne, kwashe finafinai da bidiyon biki zuwa filashi, sannan ka rubuta cleanmgr ka share tarkace.

Na biyu, kuma shi ne ya fi yawa a wajenmu, lalacewar fayilolin Windows saboda ɗaukewar wuta. Kwamfutar tebur da babu UPS, ko laftop mai mataccen batir, in wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutu a had dis, musamman lokacin sabuntawa, fayil yana iya tsayawa rabi. Rubuta:

sfc /scannow

Ka bar shi ya kai 100%, kuma ka tabbata akwai wutar da za ta kai shi. In inji ne, a duba mai tukuna. Galibi zai gaya maka ɗaya daga cikin uku: bai ga matsala ba, ko ya gani ya gyara, ko ya gani amma ya kasa gyara wasu. In na ukun ne, jona intanet ka rubuta:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Wannan yana ɗauko lafiyayyun fayiloli daga Windows Update, don haka yana cin data, kuma yakan tsaya a lamba ɗaya ya daɗe kamar ya maƙale. Kada ka rufe shi. In ya gama, maimaita sfc. Windows 7 ba shi da wannan umarni na biyu. Bayan haka rubuta chkdsk C: /f, zai tambaye ka ko ya duba a tashi na gaba, ka danna Y ka yi Restart.

Na uku, bairos. Duk wanda filashinsa ke zagaya shagunan buga takardu da kafe ya san yadda ake kwaso shi. Wasu bairos suna shiga rajistar Windows, wato inda yake adana saitinsa, su canza sunan manhajar da ake kira bayan shiga, su sa nasu. Riga-kafin bairos ya zo ya goge fayil ɗin, amma sunan yana nan a rajista, sai Windows ya yi ta kiran wanda ba ya nan. Shi ya sa wani zai ce maka daga yin sikanin bairos, komai na allonsa ya ɓace.

A nan sai an natsu, domin kuskure a rajista yana iya hana kwamfuta tashi. Rubuta regedit, ka bi wannan hanya a hagu:

HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows NT\CurrentVersion\Winlogon

Kafin ka taɓa komai, danna Winlogon da maɓallin dama ka zaɓi Export, ka adana kwafi a filashi. Sannan duba abu biyu a dama. Shell dole ya zama explorer.exe kaɗai, ba ƙari ba ragi. Userinit kuma ya zama C:\Windows\system32\userinit.exe, tare da waƙafin nan a ƙarshensa, haka yake tun asali. In ka ga wani baƙon suna, danna sau biyu ka gyara. Sai ka bi hanya iri ɗaya ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER. A can bai kamata a ga Shell ba a kwamfutar gida. In akwai shi yana nuna wani fayil da ba ka sani ba, goge wannan layin kaɗai. Banda waɗannan, kada ka taɓa komai. Ka yi Restart, sannan ka yi cikakken sikanin da Windows Security, zai fi kyau ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan, wanda yake bincike kafin Windows ya tashi, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba.

In kwamfutar ta ofis ce ko ta makaranta ko ta cibiyar jarrabawa, wataƙila da gangan aka canza Shell ɗin don a taƙaita abin da mai amfani zai taɓa. Wannan ba naka ba ne, kira mai kula da ita.

Na huɗu, lalacewar asusun da kake shiga Windows da shi, naka kai kaɗai. Alamarsa ita ce ka shiga ka ga allo sabo fil kamar yau aka sayi kwamfutar, wani lokaci da saƙon cewa an shigar da kai da temporary profile. Kada ka adana komai a wannan hali, domin yana gogewa da zarar ka fita. Don ka tabbatar, ƙirƙiri sabon asusu a cmd:

net user gwaji /add

net localgroup administrators gwaji /add

Danna Ctrl da Alt da Del, ka fita, ka shiga da gwaji. In komai ya fito daidai a can, Windows lafiyarsa ƙalau, tsohon asusun ne ya samu matsala. Hanya mafi aminci ita ce ka kwafe fayilolinka daga tsohuwar foldarka ta C:\Users zuwa sabuwar, ka sa wa sabon asusun kalmar sirri, ka ci gaba da shi. Akwai masu gyara tsohon ta rajista, amma ni ba na ba wanda bai saba ba wannan shawara.

In allon yana ƙiftawa, yana zuwa yana tafiya

Wannan explorer ce take tashi tana faɗuwa, kuma galibi wata manhaja ce da ta liƙe mata take kayar da ita: sabon direban hoto, ko manhajar ƙawata Start, ko riga-kafin bairos guda biyu da ke faɗa da juna, ko wata manhajar sata da aka loda maka a kasuwa. Don ka san mai laifin, rubuta perfmon /rel. Zai nuna maka jadawalin kwanaki da jajayen alamomi. Danna ranar da abin ya fara, ka ga abin da aka sa a ranar, ka buɗe bayanin faɗuwar Windows Explorer ka karanta sunan da ke gaban Fault Module Name. Sau da yawa sunan kaɗai ya isa ya tona asirin manhajar. Rubuta appwiz.cpl ka cire ta.

In ƙiftawar ba ta barin ka yi komai, shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kaɗai. A allon Ctrl da Alt da Del, riƙe Shift ka danna Restart. Shuɗin allo zai fito: Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4. Gargaɗi ɗaya kafin nan. Wasu laftop, musamman na hannu da aka shigo da su daga waje, suna da makullin BitLocker, kuma a wannan mataki suna iya neman lambar ceto mai lambobi 48. In da asusun Microsoft kake shiga, galibi lambar tana cikin asusun, ka nemo ta a waya tukuna.

In Start ya fito a Safe Mode, ka tabbata wani abu da aka ƙara ne ke jawo matsalar. Rubuta devmgmt.msc, ka buɗe Display adapters, ka shiga Properties sannan Driver, ka danna Roll Back Driver in yana aiki. In ba shi ba ne, rubuta msconfig, ka shiga shafin Services, sa alama a Hide all Microsoft services tukuna, sannan Disable all, ka yi Restart. In ya gyaru, sai ka riƙa mayar da su kaɗan-kaɗan har ka kama wanda ke kayar da ita. Aiki ne mai cin rai, amma yana kamawa.

A cikin Advanced options ɗin nan akwai wasu ƙofofi biyu. Uninstall Updates yana cire sabuntawar ƙarshe, in bayanta ne abin ya fara. System Restore kuma yana mayar da Windows yadda yake a wata rana ta baya ba tare da ya taɓa takardunka da hotunanka ba, sai dai manhajojin da ka sa bayan ranar za su tafi. Yana aiki ne kawai in an kunna shi tun da farko.

Ga masu Linux

Maganar ɗaya ce, sunaye ne suka bambanta. A Linux Mint mai Cinnamon, Ctrl da Alt da Esc yana sake tayar da allon. A Xfce, Alt da F2 sannan xfce4-panel. A MATE, mate-panel --reset yana mayar da layin yadda ya zo. In babu wanda ya amsa, Ctrl da Alt da F3 zai kai ka baƙin allo, ka shiga da sunanka da kalmar sirri, ka rubuta df -h. In ka ga 100% a gaban / ko /home, cikar ma'ajiya ce, share abin da ba ka bukata ka rubuta sudo reboot.

Inda ya kamata ka miƙa wa mai gyara

In duk wannan bai yi ba, akwai Reset this PC a ƙarƙashin Troubleshoot. Zaɓi Keep my files: zai sake shimfiɗa Windows, ya bar fayilolinka, ya cire manhajojin da ka sa, har da Office, don haka ka tanadi yadda za ka mayar da su. Ko da wannan zaɓi, ni ba na dannawa sai kwafin kayan yana hannuna. Ka kuma sani Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoban 2025, don haka in za a sake shimfiɗawa kuma na'urar za ta iya ɗaukar Windows 11, gara a sa shi.

Amma in kana jin had dis yana ƙas-ƙas, ko kwafar ƙaramin fayil tana ɗaukar minti da yawa, ko chkdsk yana ta kawo wuraren da suka lalace, daina gwaje-gwaje, kashe ta. Duk kunnawa tana ƙara masa rauni. Kai ta wajen mai gyara ka ce masa a fili: "Malam, a fara ciro had dis a kwafe min foldar Users, sannan a yi maganar sauran." Ka tsaya a wurin har ka buɗe fayil biyu uku a filashinka ka ga suna buɗewa. Mai gyaran kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Ta ƙanwata ba ta kai nan ba. Bayan mun kwashe furojet ɗin a filashi, ta kuma tura wa kanta kwafi ta imel, sfc ya ce ya samu lalatattun fayiloli ya gyara su. Muka yi Restart sau uku, Start yana fitowa kowane karo. Ranar Litinin ta kai babinta, ranar Talata muka shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi neman batir.